Jakar da ba za ta zauna a cinyarka ba, ba taka ba ce

Wani ƙanenmu mai ɗaukar hoto daga Sawaba ya turo da saƙo mai tsawo, na ɗan rage shi, ga abin da ya ce:

"Salamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nake nema. Shekara 6 ina hoton aure da suna da mauludi a nan Kumasi. Yanzu wani Alhaji ya ɗauke ni zan bi shi Tamale da Yendi lokacin bikin Damba, daga can mu leƙa gandun dajin Mole da Larabanga, in mun dawo kuma akwai auren 'yarsa a Kano wanda da jirgi za mu. Kayana su ne Canon 5D Mark IV da 6D Mark II, lensi 24-70 da 70-200 duka f/2.8, filas, laftof, sai doguwar lensin Sigma 150-600 da mastana ya ara min saboda giwaye da mahaya dawaki. Jakar da nake da ita ta kafaɗa ce, kyamara ɗaya take ci. Wani abokina yana so ya sayar min da akwatin Pelican mai taya, kuɗinsa ya kai na aikin aure biyu, shi kuma wana da ke Jamus ya ce in zaɓi jakar goyo ya aiko min. Maiɗakina tela ce, ta ce duk ɓarnar kuɗi ne, in naɗe kayan da tawul in zuba a jakar makaranta, har mun ɗan yi cacar baki a kai. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a tafiyar, ya sa ƙofa ce ta buɗe maka. Shekara 6 kana bin amare daga Aboabo zuwa Asawase kana shan hayaƙin girkin biki, yau ga shi an ce ka hau jirgi da kyamara, ai sai godiya.

Toh amma kafin mu taɓa zancen Pelican ko Jamus, tashi ka je wajen mai nama ko mai shinkafa da ke da sikeli, ka zuba kayan nan duka a roba ka ɗora ka ga abin da allura za ta nuna. Na san ba ka yi ba, don da ka yi da tambayarka ta canza kama. Bari in maka lissafin tun daga nan. 5D Mark IV da batir a cikinta giram 890 ce, 6D Mark II giram 765, 24-70 ɗin nan ta haura giram 800, 70-200 wajen kilo 1 da rabi, ita kuwa Sigma in wadda suke kira Contemporary ce ta kusa kilo 2, in Sports ce ta kusa kilo 3. Filas da baturansa sa rabin kilo. Kaga har ka wuce kilo 6 kenan ba ka taɓa laftof ba, in ka ɗora ta da cajarta ka haura kilo 8, kuma duk wannan ita jakar kanta ba ta shiga lissafi ba, ba fawa bank ba ruwan sha ba komai. Su kuwa yawancin jirage kilo 7 suke barin mai tikitin gama-gari ya shiga da shi a hannu, wasu 8. Mu a gida mukan ce ido ba mudu ba ya san kima, to a filin jirgi babu ruwansu da ido, sikeli ne ke magana, kuma yarinyar da ke bayan teburin ba ta san nawa ka sayi lensi ba, ba ta ma son ta sani.

Ni dai abu guda nake auna jakar kyamara da shi, kuma ba wani ne ya koya min ba, hanyar Tamale ce ta koya min da zafi. In jaka ba za ta zauna a cinyata ba tun daga tasha har inda za ni, to ba tawa ba ce ko da kyauta aka ba ni.

Shekarun baya ina da wani akwati na ƙarfe mai ƙyalli, irin wanda in ka shiga gidan biki da shi yara ke biyo ka suna tsammani ɗan talabijin ne, ina ji da shi sosai. Na samu aiki a arewa na shiga motar dare, ina zuwa bakin ƙofa meti, wato yaron mota, ya tare ni ya ce wannan ba zai shiga ciki ba sai but. Na yi magiya na yi faɗa na ce kayan miliyoyi ne a ciki, lokacin tsohon sidi ne kowa miloniya, ya ce to in saya masa kujera, ni kuma ba kuɗin kujera biyu. Haka aka cusa shi tsakanin jarkokin manja da buhunan goro. Wallahi daren nan ban runtsa ba, Techiman na sauka na tsaya bakin but kamar mai gadi, Kintampo na sauka, Buipe na sauka, duk inda aka buɗe don wani ya ciri kayansa gabana sai ya faɗi, a wani wajen ma ina gani aka kifa shi aka ɗora masa kan injin niƙa. Da asuba muka isa, akwati lafiyarsa ƙalau ko ƙwarzane babu, na buɗe da murna sai na tarar wuyan kyamarar, daidai inda lensi ke ɗaurewa, ya goce, saboda na bar doguwar lensi a jikinta tana ta jijjiga kilomita kusan 400. Akwatin ya kare kansa, kayan ne bai kare ba. Aikin da na je yi da kyamarar aro na gama shi, kuma ribar duka wajen mai gyara ta tafi.

Shi ya sa akwatin abokin naka, in dai 1510 ne wanda ya fi yawo a hannun masu hoto, ba zan kushe shi ba don abu ne mai kyau. Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, ƙato zai zauna a kai bai lotsa ba, kuma an yi shi ne daidai girman kayan hannu na manyan jirage, wajen santimita 56 da 35 da 23. Matsalar ita ce shi kaɗai da sosonsa ba komai a ciki ya kai wajen kilo 6. Wato ya cinye maka kusan duk kilo 7 ɗin tun kafin ka sa ko murfin lensi. Ka zuba naka kilo 8, kaga kilo 14, wa zai bar ka ka shiga da shi? Za a ce ka miƙa a sa a ƙasan jirgi, daga nan kuma ya bar hannunka, masu lodi ne da Allah. Sannan ka tuna daga Kumasi zuwa Kano ba hawa ɗaya ba ne, sai ka je Akra, daga can Legas ko Abuja, sannan Kano, kowane hawa da teburinsa da sikelinsa da mai fuskar shanunsa. Jiragen cikin gida namu kuma ƙanana ne, Africa World na da Embraer 145 mai kujera 50 wanda kantar kayansa ma ɓangare ɗaya take, PassionAir na da Dash 8 mai farfela, a irin waɗannan duk akwati mai taya a gindin matakala ake karɓe shi a kai baya ko da ya wuce sikeli lafiya. Jakar goyo kuwa da yake tana da laushi ka iya tura ta ƙarƙashin kujerar gabanka ka ɗora ƙafa a gefe.

Ita ma tayar da ke burge ka, ƙanena, an yi ta ne don daɓen filin jirgi da na otal. Ka taɓa jan akwati a lungun zango, ka tsallake kwata uku da shi? Balle filin Damba, jama'a maƙil, dawaki na sukuwa, masu bindigar gargajiya na ɗirka albarushi hayaƙi ya turnuƙe, makaɗa na matsowa, kai kana ja da baya kana neman inda za ka tsaya, hannunka ɗaya kuma na riƙe da akwati. Hoton da za ka ɗauka da hannu ɗaya kenan. Tamale kuma garin babur ne da keke mai ƙafa uku, duk inda Alhaji ya aike ka bayan mashin za ka hau. Pelican na 'yan fim ne masu motar kansu da yara biyu masu ɗauke musu kaya. Ranar da ka kai nan ka saya har biyu. Yanzu ka ba abokinka haƙuri da baki mai daɗi, ka ce masa matarka ta hana, ai ba ƙarya ka yi ba.

Saura tayin wan naka na Jamus, kuma shi za ka karɓa, amma kar ka ce masa "aiko min mai kyau" ka yi shiru, don ɗan Jamus in ya shiga shago zai ɗauko wadda ta fi kowacce girma ne saboda ƙauna, sai ka ga an kawo maka abu kamar na sojan da za shi daji. Ɗauki tef ɗin awon amaryarmu, wato maiɗakinka, ka shimfiɗa kayan a kan gado yadda kake so su kwanta, ka auna tsawo da faɗi da zurfi ka tura masa lambobi. Zurfin nan shi mutane ke mantawa. 5D ba tare da gidan batir na ƙasa ba tsayinta bai kai santimita 12 ba, amma in ka ɗaura mata shi sai ta tasar ma 16, to jakar da ba ta da wannan zurfin zif ɗinta zai riƙa danne kan kyamarar, duk abin da ya bugi jakar kyamara ya buga kai tsaye. 70-200 tsawonta wajen santimita 20 ne, Sigma wajen 26 in an janye ta, ka juya hular gaban lensin ta rufe jikinta sannan ka auna faɗin da hular, don ita ke cin wuri. Daga waje kuma kar jakar ta wuce santimita 55 a tsaye, gara ma ta gaza haka, ka duba tikitinka don kowane kamfani da nasa awon.

Abin da zan nace maka a kai shi ne ka nemi wadda ake buɗewa ta baya, wato zif ɗin yana ɓangaren da ke manne da gadon bayanka. Lowepro suna da irinta, Flipside da ProTactic, akwai kuma na Think Tank da Vanguard da Tenba da sauransu, ni ba sunan nake sayar maka ba, tsarin nake nufi. Amfaninta biyu. Na farko kowa ya taɓa kutsawa kasuwar Kejetia da yamma ya san yadda hannu ke tafiya ba tare da mai jiki ya ji ba, to in zif yana bayanka sai an cire maka jakar kafin a kai ga kaya. Na biyun ba a cika faɗa ba, in za ka ciro lensi fuskar jakar kake kifawa a ƙasa, ɓangaren da ke taɓa rigarka na sama, saboda haka ba za ka goya jar ƙasar Yendi a farar shaddarka ka shiga gaban sarakai da taswira a baya ba. Sai bel ɗin ƙugu, mai faɗi mai soso, ba siririyar igiya ba. Kilo 10 a kafaɗa zalla tun hantsi har la'asar, da dare ko sallar isha da ƙyar za ka yi ruku'u, amma in bel ya kama ƙugu nauyin can yake sauka. A haɗa da rigar ruwanta, Lowepro in ka ga AW a sunan jakar to tana da ita a wani ɗan aljihu a ƙasa. Kuma a duba nauyin jakar ita kaɗai, ProTactic 450 alal misali ta kusa kilo 3, ba kaɗan ba ne, in an samu wadda ba ta kai haka ba kuma ta ci kayanka ita ta fi. Kala kuwa baƙa ko toka, wadda ba ta da wani ƙaton rubutu. Jakar da aka rubuta Canon ɓaro-ɓaro a jiki gaisuwa ce ga ɓarawo, ka ce masa sannu ga ni nan.

Yanzu za ka ce to Yaya ko da jakar goyon ai lissafin ya wuce kilo 7. Haka ne, kuma a nan ne za ka ji haushina, don maganin ba a jaka yake ba, a barin kaya yake. Tafiyarka biyu ce ba ɗaya ba, ta arewa a mota, ta Kano a jirgi, kuma ba kaya ɗaya suke so ba. Me Sigma 150-600 za ta yi a auren Kano? Amarya tsuntsuwa ce a kan rimi? Bar ta a Kumasi, kilo 2 sun sauka. Ranar hawa jirgi rataya 5D da 24-70 a wuyanka kamar kowane ɗan yawon buɗe ido, sama da kilo 1 da rabi sun sake fita daga sikeli, batura da katunan memori a aljihun riga, mu masu jalabiya da aljihu har gwiwa wannan ba wahala ba ce. Caja da wayoyi da ƙafar kyamara da lemar filas duk a naɗe su cikin tufafi su bi babban akwati, in sun ɓata ana samunsu a kasuwa. Laftof, jirage da yawa suna barin a riƙe ta daban a 'yar jakarta, ka tambaya tun wajen yankan tikiti, kar ka bari sai kana kan layi. In duk da haka aka ce jakar ta yi nauyi, kar ka ɗaga murya, buɗe ta a hankali ka nuna musu gilasai ne da batura, ka roƙa, sau da yawa in suka ga abin da ke ciki sukan sassauta, in kuma suka ƙi to ciro kyamarori da lensi ka rataya a jikinka ko ka ba Alhaji da mutanensa su riƙe maka, ka miƙa musu jakar ba komai.

Batir kuwa doka ce ba shawara ba, wanda ba ya cikin na'ura ba ya bin kayan ƙasan jirgi, dole a hannu, haka ma fawa bank, saboda in ya kama wuta a sama ana gani a kashe, a ƙasa ba mai gani. Iyakar da ake bari ba sai an nemi izini ba ita ce Wh 100 ga kowane ɗaya, Wh ɗin nan shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, batirin Canon ɗinka LP-E6N wajen 14 ne kawai saboda haka ba ka da damuwa, sai dai ka rufe bakin kowanne da murfinsa ko ka liƙa masa salatif kada ya haɗu da makulli ko kwabbai a aljihu. Fawa bank mai 20,000mAh wajen Wh 74 ne ya wuce, amma ƙattin nan masu 30,000 da muka saya lokacin dumso, zamanin yawan ɗauke wuta, sun haura 100, ana iya karɓe maka shi a bakin bincike kana ji kana gani.

Bari in dawo kan Sigma, don tun da na karanta saƙonka ita ta tsaya min a rai fiye da jakar. Kayan mastanka ne, amana ce. Ka gaya masa ainihin inda za ka da ita? Ya san za ta bi hanyar Fufulso zuwa Damongo, ya san za ta shiga ƙurar dawaki? Je ka zauna da shi ka faɗa masa dalla-dalla, ku duba gilashin tare gaba da baya, ku ɗauki hotonta da lambar jikinta a wayarka da tasa, ku yi magana a fili kan in wani abu ya same ta yaya za a yi, tun ana dariya. Zumuncin masta da yaronsa da yawa a garin nan a kan ƙwarzane ɗaya ya mutu, wannan ya ce da ma akwai shi wancan ya ce babu. Kuma ka tambayi kanka ko kana buƙatarta ma. Giwayen Mole, musamman da rani, har bakin tafkin da ke ƙasan masaukin baƙi suke zuwa, ana kuma zagayawa da mutane a ƙafa tare da ma'aikacin daji mai bindiga, giwa kuma ba ƙaramar aba ba ce, 70-200 na cika hoto da ita. Masallacin Larabanga 24-70 yake so. Mai 600 ta masu bin tsuntsaye ce, shi kuwa Alhaji hotonsa yake so da giwa a bayansa ya tura wa 'yan uwa a WhatsApp. In ni ne, zan mayar wa masta abinsa in yi godiya, in tafi da sauƙin kafaɗa da sauƙin zuciya. In ka nace sai ka je da ita, to kullum in za a hau hanya cire ta daga jikin kyamara, kowacce da murfinta da ɗakinta a jaka, ka tuna wuyan kyamarata. Lambobin sauran kayanka ma rubuta su a takarda ka haɗa da rasit in kana da shi, saboda kwastan a shiga da fita.

Akwai abokan gaba biyu da jaka ba ta iya musu ita kaɗai. A arewa ƙura ce, in tafiyar ta faɗo cikin hunturu abin sai wanda ya gani, har cikin haƙori kake jin ta. Amfanin kyamara biyu kenan, tun a ɗaki ka ɗaura 24-70 a ɗaya 70-200 a ɗaya ka fita, kar ka canza lensi a fili, in ya zama dole sunkuya ka yi a cikin jaka bakin kyamara na kallon ƙasa. A nan Kumasi kuma danshi ne, shi ya fi mugunta don ba ya ƙara. Mutum ya dawo daga aiki ruwa ya ɗan taɓa jaka, ya zuge zif ya jefa ƙarƙashin gado wata biyu na damina, ranar da ya ɗaga lensi a haske sai ya ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi, funfuna ce ta kama, in ta daɗe cin fentin gilashin take ko an wanke tabon na nan. Jaka ta tafiya ce, ba ɗakin ajiya ba. Kana dawowa kwashe komai, shanya ta a inuwa ta sha iska, kayan kuma a sa su a robar nan mai murfi da ke rufuwa gam tare da 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, lokaci-lokaci a busar da su a mayar. Wani abu kuma, motar Alhaji na san sanyinta kamar firji, in ka fito da kyamara daga wannan sanyin ka shiga zafi nan take gilashi zai yi gumi ka rasa hoton saukowarsa daga mota, wanda shi ne hoton da ya fi so. Bar jakar a rufe kamar minti 15 ta saba da iskar waje, ko ka ajiye ta nesa da bakin na'urar sanyin tun a hanya. But ɗin mota da rana kuwa ko na minti 10 ne a'a, ko direba ya rantse maka.

Toh sai amaryarmu. Ka yi kuskure da ka tsaya cacar baki da ita, don rabin maganarta gaskiya ce, kuma rabin da ya fi tsada. Jakar makaranta da ta ce, babu ɓarawon da ke bin ta da kallo, manyan masu hoto da yawa da gangan suke sa kayansu a jaka mai kama da ta kowa. Inda ta kauce tawul ne, yana zamewa lensi biyu su haɗu su yi ta gogar juna, yana zubar da gashi, yana riƙe danshi, kuma ango ba zai tsaya jiranka kana warware tawul kamar mai kwance jariri ba. Kar ka ce mata ba ta san aikin ba. Tambaye ta kawai, in za a kai kan kekenta na ɗinki Tamale, za ta yarda a naɗe shi da zane a jefa bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya? Sannan ka gaya mata nawa 70-200 take a yau da sidi, na tabbata ba ka taɓa faɗa mata gaskiyar kuɗin ba, mu duka haka muke, mukan rage rabi in za mu faɗa a gida.

Kuma ita ce za ta fitar da kai in jakar Jamus ta makara, don kaya in aka ce ta kwantena za su zo to sai ka ga Damba ta wuce ana ta ce maka jirgin ruwa na Tema, gara wanka ya ba wani mai tahowa ya riƙo a hannu. Kafin nan je wajen masu ɗinkin takalmi da silifas, Kumasi ai gidansu ne, ka sayi robar nan mai laushi da suke yanka wa ƙasan silifas, mai kaurin kamar santimita 1. Kar ka sayi soson katifa, shi yana shan ruwa yana kuma marmashewa ya cika maka kyamara da gari. A yanka robar a yi gida mai ɗakuna daidai awon kayanka, ƙasan a ninka biyu, ita kuma ta lulluɓe shi da yadi mai santsi marar gashi, mai haske don ka riƙa ganin baƙin murfi in ya faɗa ciki, sai a zura shi cikin jakar goyo mai ƙarfi. Ko da ta Jamus ta iso wannan gidan ba zai zama asara ba, ranar da za ka shiga unguwar da ba ka yarda da ita ba shi za ka ɗauka. Ta ɗinka maka har da riga ta yadin lema da za ta rufe jakar, da roba a baki kamar hular wanka. Ka biya ta kuɗin aikinta kuma, cikakke, ba na gida ba.

In kuwa ka ce a nan za ka saya, Adum da Kejetia akwai jakunkuna masu manyan sunaye a jiki da arha kamar an tsinto, kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Kar ka kalli sunan, kama hannun goyon ka ja da ƙarfi ka duba ɗinkin inda ya haɗu da jiki, don nan ne yake tsinkewa kuma kullum sai kana kan gudu. Ja zif sau 10 ka ji ko yana cijewa, masu kyau galibi za ka ga YKK a kan ɗan marikin. Danna bangon da babban yatsa, in ka ji yatsanka ta ɗaya gefen to ba abin da zai tare. Ni na fi yarda da tsohuwar asali ta gwanjo, irin wadda ake dacewa da ita a Kantamanto in ka sauka Akra, a kan sabuwar jabu mai ƙamshin kanti, sai dai ta gwanjo ka cusa hanci ciki ka shaƙa, in ka ji warin rima bar ta, funfunar wani za ka saya wa gilasanka. Wadda ka samu mai kyau kai wa mai gyaran takalmi ya ƙara bin hannayen da zare mai kauri.

Duk wadda ta zo hannunka, kar ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka goya ta. Cika ta da kayan, ka taka daga Sawaba zuwa Aboabo da rana tsaka, ka hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, da ita, ka shiga trotro ka zauna kujerar baya can ƙurya ka ɗora ta a cinya ka ga ko meti zai yi magana, ka ga ko za ka iya ciro kyamara ba ka zungure maƙwabcinka ba. In gwiwarka ta mutu kafin Kejetia to ka san Tamale ba za ta yiwu ba, a rage kaya.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago, kawo kayan duka mu ɗora a sikelin mai shinkafar da ke kusa da ni, akwai wata tsohuwar jakata da za ka gwada a bayanka ka ji girman da ya dace da kai kafin ka kira Jamus. Taho da tef ɗin amaryarmu, in ta yarda ma ku taho tare, ita ta fi mu iya awo.